Shekara Huɗu Mijina Yana Tura Babur Saboda Ni

Ni 'yar ƙauye ce a ƙasar Maradun, kuma tun ina shekara takwas na san ƙarar babura da yawa ba alheri ba ce. Da mun jiyo su sai innata ta fizgi hannuna mu faɗa cikin gero, ta kwanta a kaina ta toshe min baki. Haka muka yi shekara shida, har aka kore shanunmu, aka kashe baffana a gona, muka tattara muka koma Bakura wurin dangi. Na girma lafiya lau a ido, ga surutu ga dariya. Sai dai ba na cire takalmi ko a tsakar gida, kuma kullum akwai ƙullin gari a bakin zanena, ban san dalili ba.

Asirina ya tonu ranar da aka kai ni gidan mijina a Talata Mafara. Mahauci ne, abokansa na kasuwar shanu kuwa suka ga sai sun burge, suka tari motar amarya da babura kusan ashirin suna ta oda. Ban san lokacin da na buɗe ƙofa ba. Cikin tarin karan dawa aka tsamo ni, da lallena da komai. Yau in ƙawayena suka tuna min har hawaye nake yi don dariya, amma ranar kunya kamar ta kashe ni. Nan take tsofaffi suka ce iskoki ne, ni kuma na amsa, don a wurinmu gara a ce kina da iskoki da a ce kanki ya taɓu. Kuskurena ke nan, kuma ina nadamarsa.

Na sha rubutu, na sha hayaƙi har kayan sawata suka daina jin turare. Mijina kuwa, bawan Allah, ya ɓullo da tasa dabarar. Kullum in ya taso kasuwa sai ya kashe babur a bakin layi ya turo shi har gida, da ragowar nama a baya, gumi na zuba. Maƙwabta suna tsokanarsa wai ko mai ne ya ƙare, shi kuma ya ce tumbi yake ragewa. Shekara huɗu yana haka, ni ina ganin mun samu mafita.

Wata rana da hantsi babur ɗin maƙwabci ya wuce da ƙarfi. Kafin in dawo hayyacina, sai na ga 'yata mai shekara uku ta ruga bayan randa ta kwanta rub da ciki, ta toshe bakinta da hannu. Yarinyar da aka haifa a gari, ba ta taɓa jin ƙarar bindiga ba. A wurina ta koya. Wallahi ranar na yi kukan da ban yi ba ko a mutuwar baffana.

Da na je awon ciki na biyu sai na daure na faɗa wa nas, ta tura ni wurin wata jami'ar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ina shiga na sanar da ita cewa ni ba mahaukaciya ba ce. Ta yi murmushi ta ce ta gani, abin da ke damuna jiki ne da ya saba gudu tun yarinta, bai samu labarin an daina ba. Zaman farko da na biyu barkwanci na yi ta zuba mata, ta bar ni har na gaji na fara ba da labarin gonar gero. Ta koya min in ja numfashi a hankali, in cire takalmi in ji ƙasa a tafin ƙafata, in ambaci abin da idona ke gani. Daga baya ta sa mijina ya riƙa tada babur a bakin layi da sanina, duk mako ya matso gida ɗaya. Unguwa ta samu abin kallo. Wani makon nakan koma baya, mu sake daga farko.

Sai da muka kusa shekara kafin mijina ya shigo da babur ɗin a kunne har ƙofa. Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba, amma na ci gaba da tsintar shinkafa, ƙafata ba takalmi. 'Yata ta ɗago ta dubi fuskata, ta ga ban motsa ba, sai ta kwasa a guje ta nufi ƙofa tana oyoyo.

Ban bar addu'a ba, kuma har yau wata ƙarar tana razana ni. Amma 'yan'uwana da muka taso cikin gudu, kada kunya ta sa ku ɓoye kamar yadda na yi. Ku je ku yi magana da waɗanda suka san aikin, tun kafin yaranku su ɗauki tsoron daga fuskarku. Mijina dai ya daina turi, tumbin ma ya dawo, 'yata kuma tun daga bakin layi take gane ƙarar babur ɗin babanta.