Badaru Falanto da Sammacin Mato na Bazaga

Shekara ashirin da biyu, kafin alƙali ya iso buro, Badaru falanto, masinjan kotunmu ta Ƙonni, ya riga ya share zaure, ya cika randa, ya buga wa kekensa iska. Sai ya leƙo inda nake buga takardu ya ce, "Malam Labo, yau wa za mu tayar wa hankali?" In miƙa masa sammaci, shi ke nan sai yamma. Kai, ina kewar zamanin nan!

Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma ya san mutanensa. Ba ya ce wa manomi ran sha bakwai ga wata. Cewa yake, "Baba, bari kasuwar Ƙonni biyu ta wuce, washegari ka taho da shaidunka." Kuma takarda sai a hannun mai ita.

Sau ɗaya tak ya saɓa, a bazarar 1968. Wani manomin Bazaga, Mato, yana shari'a da maƙwabcinsa Chindo kan gonar da ya gada, ita ce kaɗai abincin gidansa. Ya ɗauki wakili, Alkasum, cikin masu zama ƙofar kotu da jaka suna yi wa mutanen ƙauye magana. Ranar da sammacin Mato ya fito, zazzaɓi ya kama Badaru. Alkasum ya ce, "Kawo, ai ni ne wakilinsa, gobe zan tafi Bazaga." Badaru ya ba shi, ya kuma dangwala nasa yatsan a littafin kotu cewa an kai.

Alkasum ya manta da takardar a jaka. Ranar zama babu Mato, wakilin nasa kuwa ko kunya babu ya ce wa alƙali, "Na gaya masa, ya ƙi zuwa." Aka ba Chindo gona.

Bayan kwana goma sai ga Mato, ƙafa duk ƙura. Ya tarar da Chindo yana sharar gonarsa, ga hadari ya fara haɗuwa, ga iri a rumbu. Ya rantse bai ga takarda ba, babu wanda ya yarda. Badaru ya ja ni gefe ya gaya mini komai. Ba zan ɓoye ba, cewa na yi, "Rufa wa kanka asiri, kana da iyali." Ya dube ni ya ce, "To Mato fa, ba shi da su?"

Kai ne ka shiga gaban alƙali ba a kira ka ba, Badaru, ka cire hula ka ce, "Ranka ya daɗe, takardar ba ta kai Bazaga ba. Ni na ba Alkasum, laifina ne." Muna nan muka ga an zazzage jakar Alkasum, ga sammaci a naɗe yadda ka ba shi. Alƙali ya soke hukunci, ya saurari dattawan Bazaga, ya mayar wa Mato gonarsa, ya hana Alkasum sake wakiltar kowa. Mato ya yi shuka a ruwa na biyu.

Kai kuma aka dakatar da kai wata guda, aka sa takardar laifi cikin kundinka. Saboda ita sau uku ana tsallake ka wajen ƙarin girma. Yau da kake aje aiki, falanto ka shigo, falanto ka fita, kuma ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba.

Badaru na Salamatu, ƙafar kotu, mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma masu jaka da masu hatimi na yanzu, in kuskurenku ya kusa cinye gonar wani, ku buɗe baki tun kafin ruwa ya sauka.

Takardar laifin nan, Badaru, ni na buga ta da hannuna, ni da na ce ka yi shiru. Shekara goma ke nan ina neman bakin da zan roƙe ka gafara. Ka yafe mini.