Goron Motar Yaya Rabe

Ku da kuka zauna Sabon Gari tare da mu, kun san Yaya Rabe ba ya komawa gida ran Juma'a in an sauko masallaci sai ya biya ta otogar, tashar motocinmu. Goro ɗaya ne a aljihunsa, fari, a naɗe cikin ganye. Ba na ci ba ne. Ko ni ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, in na roƙa sai ya ce wannan da mai shi. Na Lawali direba ne, kuma yadda aka yi ya zama nasa shi nake so in tuna muku, tun da kwanakin nan na kasa yin maganarsa da baki.

Yaya Rabe mutum ne da bai yarda da ranar abu ba. Karin maganarsa guda ce, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ya riƙe ta har ta fi ƙarfin masu ita. An taɓa ɗaurin auren 'yar kawunmu a Tsibiri, ya isa tun ba a sayo goron biki ba. Kawu ya ga baƙo zaune ba aikin yi, sai ya miƙa masa gatari ya saro itacen rumfa. Da muka iso ranar biki muka tarar da shi hannu duk kanta, muna dariya, ya dube mu ya ce, "Ni dai na samu inuwa. Ku nemi taku."

Maganar mota ta fara ne shekarar da aka ba shi fili a gonakin ban-ruwa na Jiratawa. Bai ko cire albasar fari ba ya ƙudura zai je Makka. Ba shi da fasfo, abin da ya tara kuma bai isa ragon layya ba. Wani zai fara da tarin kuɗi, shi sai ya fara da motar da za ta kai shi filin jirgi a Kano. Ya zo shagon ɗinkina ya ce in ajiye almakashi, ana bukatar shaida. Na ɗauka aure zai ƙara. Sai ga mu a otogar gaban wata Fijo mai ruwan ƙasa, mai ita yana kwance ƙarƙashinta.

Lawali ya fito yana share hannu, ya tambayi wace rana ce tafiyar.

"Watan na sani," in ji Yaya Rabe. "Shekarar ce Allah bai hwaɗa mini ba tukuna."

Lawali ya dube ni ko zan ce wasa ne. Ya ce to Malam, in lokaci ya yi ka zo, mota ba ta ƙarewa a Maradi. Yaya Rabe ya ce haka mutanen Annabi Nuhu suka ce game da jirgi. Ya fiddo goro, ya sa muka ɗaga hannu aka shafa fatiha, kamar an ba da 'ya. Lawali ya karɓa yana dariya, bai san abin da ya sa kansa ciki ba.

Daga ranar Fijo ta zama "motarmu". Kowace Juma'a zai miƙa goro, sannan ya zagaye ta, ya taka tayoyi da ƙafa, ya leƙa ƙasa ko mai na ɗiga. Ranar da ya tarar an ɗaure buhunan gyaɗa da akuya biyu a samanta, sai da aka sauke rabi. Mai akuyoyin ta zage shi tas, bai ko ɗaga kai ba. Lawali ya kawo mini ƙara, ya ce jandarmomin hanyar Ɗan Isa ma ba sa yi masa binciken da yayana ke yi, su kuma aƙalla in ka ba su wani abu suna barinka. Na kai saƙo. Yaya Rabe ya ce ai shi ya sa ƙasa take hannun soja, farar hula ba sa duba taya.

Bai tsaya nan ba. Ya ji labarin wani Idi, mutumin Tsibiri da ya daɗe a Jidda, wai yana da abin hawa. Sai ya ba wata Hajiya maƙwabciyarmu goro ta kai masa, a kama masa mota a can ma. Matarsa, Yaya Hajo, ta ce a ƙasar da ake zuba alhazai cikin manyan motoci kamar hatsi, wa ke neman shata? Ya ce ita ba ta san tafiya ba, iyakarta Madarunfa.

Shekarar da kuɗinsa suka cika ita ce shekarar da ruwa ya ɗauke. Ba sai na faɗa muku ba, kun gani. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, mutanen arewa suka cika bakin gari da 'ya'yansu. A Tsibiri rumbunan gidanmu ba ko zangarniya. Wata safiya ya ɗauki abin da ya tara ya tafi kasuwa, ya sayi dawa, aka kai wa kawu da iyalansa. Bai yi shawara da kowa ba, bai kuma yarda a yi masa godiya ba. Na ɗauka Juma'ar nan kunya za ta hana shi otogar. Na bi shi daga nesa. Ya miƙa goronsa kamar kullum.

"Ba mu hwasa ba, Lawali. Mun ɗaga ne. Ka dai canza wagga taya."

Da shekara ta zagayo ya sake haɗa kuɗin da kyar, da albasa da tattasai da saniyarsa guda. Ya samu kujera. Sai dai kafin nan an rufe iyakar Najeriya, jirgi ya koma tashi daga Yamai, tafiyar da ta ninka ta Kano. Mai ya yi wuya, don daga can yake shigo mana. Manyan motoci soja sun kwashe su suna jigilar hatsin taimako. Maniyyata suka cika otogar, mota ta zama abin roƙo.

A nan ne wani babban Alhaji mai fataucin atamfa, ba zan kama sunansa ba don 'ya'yansa na nan, ya nemi Fijo ɗin Lawali gaba ɗaya, shi da iyalinsa, a kan kuɗin da Lawali bai taɓa riƙewa ba. Lawali ya zo shagona ya zauna. Gidansa a lokacin sau ɗaya ake ɗora tukunya. Ya ce in taimaka in gaya wa yayana. Na ce ba zan iya ba. In motar nan ta kuɓuce, jirgi zai tashi ya bar Yaya Rabe, kuma mun san ba shi da wata saniyar.

Ashe labari ya riga mu isa. Yaya Rabe da kansa ya je ya sami Lawali. Ina wurin. Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba.

"Goro ba igiya ba ne, Lawali. Ɗiyanka na jin yunwa. Ka ɗauki Alhaji."

Lawali ya sunkuyar da kai. Can ya tashi ya tafi gidan Alhajin, ya ce masa motar ba tasa ba ce a wannan tafiya, an riga an shafa mata fatiha, in yana son wuri ya je ya roƙi mai shata.

Haka muka ga abin da ba mu taɓa gani ba: Alhaji da babbar rigarsa zaune kan tabarmar zauren Yaya Rabe. Yaya Rabe ya sa aka kawo masa ruwa, ya tambaye shi yaushe ya fara neman mota. Ya ce shekaranjiya. Yaya Rabe ya girgiza kai kamar an gaya masa rasuwa. Daga ƙarshe ya yarda, bisa sharaɗi: Alhaji zai biya Lawali abin da ya ambata ba ragi, gaba ta mai shata ce, kuma shi zai sa ranar tashi.

Ranar da ya sa, ta sa suka yi sama da mako a Yamai suna jiran jirgi. Lawali ya ce tun daga Tsibiri har Doso wa'azin gora ake yi wa Alhaji, yana baya matse tsakanin akwatuna yana cewa gaskiya ne, Malam.

Da ya dawo muka tambaye shi Idi na Jidda. Ya ce ya zo, har ma bara ya zo ya yi ta jira. Yaya Hajo ta ce to motar fa? Ashe abin hawan Idi baro ne, na tura kayan alhazai. Muka yi dariya har hawaye, shi kuwa ya gyara zama ya ce, "Amma ya zo kan lokaci."

Bayan hajjin bai daina kai goro ba. Muka ce sabo ne, tsufa ya kama shi. Nakan tsokane shi in ce yanzu kuma ina za a, Sin? Sai ya ce in ji da ɗinkina.

Ya rasu cikin daminar nan, gero ya fid da kai, irin shekarar da ya daɗe yana jira. Ranar sadakar bakwai, da mutane suka watse, Lawali ya matso kusa da ni. Ya ce akwai maganar da aka hana shi faɗa. Goron da ake kawo masa tun dawowa daga Makka, ba na Yaya Rabe ba ne.

"Naka ne. Ya ce kai ko haihuwarka sai da ka makara, in an bar ka ba za ka nemi mota ba sai jirgi ya tashi."

Ba ni da fasfo, abin da na tara bai isa ragon layya ba. Amma Juma'ar da ta wuce na sayi goro fari, na biya ta otogar. Na taka tayoyin ma. Ta baya tana son canji.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Ka riga mu kamar yadda ka saba. Allah Ya sa ka tarar an shirya maka wuri, da inuwa, Ya kuma sa in tamu ta zo ta same mu a shirye.