Abla Nagat, Mai Nema Wa 'Ya'yan Mutane Wurin Koyon Aiki

Kafin ƙarfe takwas na safe Abla Nagat ta riga ta sauka daga motar haya a ƙofar kwalejinmu ta fasaha da ke Dimyat a ƙasar Masar, da burodi da cuku a cikin jaka. Ofishinta ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakala. Ba ta shiga aji, ba ta ba da maki. Aikinta shekara talatin da ɗaya shi ne nema wa ɗalibai inda za su taɓa aiki da hannunsu kafin su karɓi takardar kammalawa. Da safe tana kan waya, bayan azahar kuwa sai ta fita da ƙafa, daga shagon kafinta zuwa masana'antar cuku, daga can zuwa tashar jiragen ruwa. Kowa Abla yake ce mata, wato babbar yaya, har shugaban kwaleji.

Ba ta yi wa kowa kuɗin goro. Wanda yake taimakon gida, ta samar masa aikin yamma na 'yan awoyi. Wanda bai san abin da yake so ba, ta tura shi aikin dogon hutu ya ɗanɗana. Mai yawan kunya kuma aikin sa-kai take ba shi, inda dole ya buɗe baki. Ni da na je na ce mata ofis mai sanyi nake so, sai ta dube ni ta saman tabarau.

"Ofis? Kai da ba ka san kan ƙusa da gindinta ba? Je ka sha ƙurar katako tukuna, ɗana."

Ta tura ni masana'antar kujeru ta Alhaji Sha'aban. A can na ga abin da ya sa nake wannan rubutu.

Akwai wata 'yar ajinmu, Tahani, wadda shan inna ya taɓa tun tana ƙarama, da sanduna biyu take tafiya. Ta fi mu duka iya zane, amma shaguna goma sha ɗaya suka ƙi ɗaukarta, kuma ba takardar koyon aiki ba kammalawa a wannan shekarar. Ta riga ta fara cewa za ta haƙura. Ranar wata Talata sai ga Abla ta shigo da ita, ina goge ƙafar wani tebur.

"Abla, ki yi mini rai," in ji Alhaji. "Nan fa injuna ne ko'ina. In ta faɗi fa?"

"In ta faɗi ta tashi, Alhaji. Tun tana shekara uku take yi, ta fi mu ƙwarewa. Ba ta wuri ta zauna dai, ko kujera ta ƙare a gidan kujeru?"

Ma'aikata suka yi dariya. Alhaji ya jawo wadda ya fi alfahari da ita, mai ruwan zinariya. Tahani ta zauna, sannan ta yunƙura za ta tashi ta kasa.

"Baba Alhaji, ka yi haƙuri," ta ce. "Kujerar nan ta yi kyau, amma ta yi zurfi, hannunta kuma ya tsaya a baya. Tsoho in ya zauna sai an ɗago shi."

Alhaji ya daɗe yana kallon kujerar, can ya ce, "Wallahi mahaifiyata ba ta taɓa yarda ta zauna a kanta ba. Ni na ɗauka rigimar tsufa ce." Ya juya ga Abla. "Mako biyu, na gwaji."

Yau shekara tara Tahani tana can, ita ke zana kujerun tsofaffi da marasa lafiya da ake zuwa saye har daga Alƙahira. Abla kuwa ba ta tsaya jin godiya ba a ranar, ta ce tana da ɗalibai uku da za ta duba a masana'antar alewa. Haka take, ba ta tura ɗalibi ta manta da shi. In ta tarar an mai da shi mai dafa shayi, nan take za ta ɗauke shi, ta faɗa wa mai wurin gaskiya a gaban jama'arsa.

Ƙarshen watan nan za ki ajiye aiki, Abla. Ke ce kika yi ta ƙwanƙwasa ƙofofin da mu muke tsoron tunkara. Ke kika sha rana da baƙar magana a kan 'ya'yan da ba ke kika haifa ba. Uwar masu neman mafari, sunanki ba ya kan takardar ko ɗayanmu, amma mun san wanda ya kai mu inda muke. Mun gode, Allah Ya ba ki lafiyar cin moriyar hutunki.

Ku kuma 'yan'uwana masu shaguna da ofisoshi, dogon hutu ya kusa. Za a turo muku ɗalibai da ba su iya komai ba tukuna, kamar yadda muka zo. Kada ku sallame su daga bakin ƙofa. Ni na riga na ware wuri na mutum biyu a shagona. Wa zai ɗauki na uku?