Abin da Masu Wanka Suka Gani

Ba na wurin lokacin da mijina ya rasu. Da hantsi ne. Na bar shi a asibiti, na hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa flat ɗinmu a unguwar Barking don in ɗauko masa hula da safa. Kafin in dawo an ja labulen gadonsa. Tun ranar abu ɗaya nake son in sani: cikin tsoro ya tafi, ko cikin natsuwa.

Shekara biyu kafin nan, da likitoci suka ce ciwon daji ne a hanjinsa, wani abokin aikinsa ya kai shi wurin wani malami mai koyar da zaman shiru a saman wani shago kusa da tasha. A zauna a ƙasa, a rufe ido, a bi numfashi da ambaton Allah a zuci. Mabiyansa suna cewa an yi masa buɗi, ya daina tsoron komai, har mutuwa. Abin da mijina ya je nema ke nan.

Yayan mijina likita ne, yana aiki a unguwar Marylebone. Bai taɓa taka wurin ba, amma ya ce malamin ɗan damfara ne.

Duk abin da ya faru a shekarun nan, kowa sai ya ja shi gefensa. In mijina ya yi barci mai kyau, mabiya su ce albarkar zama ce, Yaya ya ce sabon magani ne. In ya rame, su ce Allah ne ke tsarkake shi, Yaya ya ce ga ribar zama a ƙasa mai sanyi. Wata rana malamin ya daka wa wani mutum tsawa a gaban jama'a don wayarsa ta yi ƙara. Da labarin ya iso wa Yaya, dariya ya yi har da tari. Mabiya kuwa suka ce da gangan ya yi, don ya karya girman kan mutumin. Ni ma ban tsira ba. Ranar da mijina ya dawo da fara'a ina sa wa malamin albarka. Ranar da ya yi amai a bas na tsine wa malamin a zuciyata.

Mutum biyu suka wanke gawar: Yaya, da wani dattijo ɗan Ghana daga cikin mabiya. Na san tun ina yarinya cewa mai wanka in ya ga alheri yakan faɗa, in ya ga wani abu daban yakan kama bakinsa. Duk da haka, ranar sadakar uku na sa aka kira mini dattijon bakin ƙofar ɗaki.

Ya ce, "Hajiya, wallahi murmushi yake yi. Fuskan nan kamar an shafa mai. Aikin malam ne wannan."

A nan na fara kuka na gaske. Na ji kamar an sauke mini kaya.

Yaya yana tsaye a bayansa da kofin shayi. Ya ce, "Maman yara, har da ke?"

Na ce, "Yaya, kai ba ka gani ba?"

"Na gani mana. Bakinsa a buɗe yake. Ni na ɗaure masa haɓa da ƙyalle. In ka ja da ƙarfi, leɓe yakan ɗaga. Murmushin nan da hannuna na yi shi."

Na ce ya isa. Bai ji ba, don ba da ni yake ba.

"Ka gaya mata hannunsa, Baba. Da ƙyar muka buɗe. Farce ya shiga nama. Shekara biyu yana zama a ƙasa, ga abin da ya samu."

Dattijon ya ce, "Likita, alkawari ya damƙe a hannun nan. Kai jiki kawai ka karanta."

Suka koma falo suna ta yi, murya ƙasa-ƙasa saboda baƙi. Sunan malamin nake ta ji. Ban ji an ambaci na mijina ba.

Da la'asar malamin ya zo gaisuwa. Ɗan ƙaramin mutum ne, yana fama da mura. Daga bayan labule na tambaye shi ko mijina ya ji tsoro.

Ya ce, "Hajiya, ban sani ba. Ba na wurin."

Kafin magariba mabiya sun ce ba a taɓa ganin tawali'u irin wannan ba. Yaya ya ce mutumin ya tona asirin kansa da bakinsa.

Sai da na fita takaba na koma asibitin. Na jira har na ga nas ɗin da ke aiki ranar. Ta gane ni, ta kama hannuna, ta ce bai wahala ba. Na roƙe ta kada ta gaya mini abin da suke gaya wa kowa. Ta kalli ƙasa. Ta ce an kira ta gadon wani, minti goma ko fiye. Da ta dawo ya riga ya tafi. Babu kowa a wurin.

Na yi mata godiya. A hanya na sauka a tashar da ba tawa ba, na zauna a benci har jirgi uku suka wuce. Ban gaya wa Yaya ba, ban gaya wa dattijon ba. Har yau suna aiko mini da saƙo a waya, kowa da sabuwar hujjarsa a kan malamin, ni kuma ina amsawa da na gode.