Faya-fayan Goggo Murja a Bangon Pankshin

Goggo Murja yayar mahaifina ce. A Gagarawa aka haife ta, a nan ta yi aure, kuma har yau a nan take, a gidan da mijinta Malam Barau ya gina a bayan kasuwa. Ba ta yi boko ba, karatunta na allo ne, amma a duk unguwarsu babu wanda ma'aikatan gidan waya na Gumel suka sani kamarta.

Sana'arta saƙar faifai. Wurin kakarta ta koya, wata tsohuwa 'yar Sule Tankarkar da aka ce har ta koma ga Allah ba a taɓa ganin hannunta babu kaba ba. Goggo takan tsaga kabar siri-siri, ta shanya a inuwa, sannan ta rina, ja da karan dafi, sauran launuka da galura. In ta zauna da basilla bayan azahar, ba ta tashi sai la'asar sakaliya. Malam Barau manomin gero da riɗi ne. Ranar Alhamis in zai tafi kasuwar Maigatari, sai ya ɗaura faya-fayan a bayan babur ya kai wa 'yan sari masu zuwa daga Damagaram. Haka suka yi shekara da shekaru, kuma a wurin Goggo faifai bai wuce abin rufe ƙwaryar fura da bakacen tsaba ba.

Sai aka turo Sista Selina asibitin garin. Unguwarzoma ce, Kirista, mutuniyar Pankshin, mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda mai suna Israel. Ta kama haya a gidan da ke jikin na Goggo, kuma ita ta karɓi haihuwar autan Goggo, Hamza. Daga nan suka ɗinke. In Sista ta taso daga aiki, sai ta ɗauko kujera 'yar tsuguno ta shigo gidan Goggo, su zauna a gindin darbejiya, wannan da basilla, waccan da kwarashi da ƙullin zare. Goggo na ce mata Maman Isra'ila, ita kuma tana ce mata Yaya Murja.

Sun taɓa gwada koya wa juna. Sista ta yi kwana uku tana fama da kaba, abin da ta fitar Malam Barau ya ɗaga ya duba ya ce kunnen jaki ne. Goggo kuwa da ta riƙe kwarashi, zare ya nannaɗe mata yatsu har sai da aka sa almakashi. Suka yi dariya har da hawaye, kowa ta koma ga abin da ta gada.

Shekara goma sha huɗu Sista ta yi a Gagarawa, sannan ta yi ritaya ta koma gida. Goggo ta yi kusan wata guda ba ta zauna a gindin darbejiyar nan ba.

Ni a lokacin ina koyarwa a Gumel, don haka da adireshin makarantarmu Sista ta aiko da ambulan na farko. Ranar Juma'a na kai wa Goggo. A ciki akwai wani farin ƙyalle na saƙar kwarashi, an fitar da duwatsu uku da shuɗin zare, da ɗan gida a gindin na tsakiya. Takardar da ke ciki layi biyu ce, na karanta mata: “Yaya Murja, ga duwatsun da nake ba ki labari. Gidana ne wancan.”

Goggo ta juya ƙyallen baya, ta bi saƙar da farce tana neman inda aka ƙulle zaren, ba ta samu ba. Ta kai hanci ta shinshina.

“Muhsina,” ta ce da ni, “ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam. In za ki koma, ki tafi mata da faifai.”

Ta zaɓo mafi kyau a cikin waɗanda ta gama, babba, mai ja da kore. Na kai gidan waya, ya ƙi shiga kowane ambulan, in aka lanƙwasa kuwa zai karye. Na dawo na ce mata sai dai a sa a kwali. Ta ce a'a, yadda na Maman Isra'ila ya zo a ambulan, haka nata zai tafi. Ranar Litinin ta yafa mayafi ta hau motar Gumel, na tarye ta a tasha, muka shiga gidan waya tare. Wannan ne shigarta ta farko.

Ma'aikacin da ke kan kanta wani dattijo ne mai furfura a gemu, Malam Zayyad. Goggo ta gaishe shi, ta ce ya nuna mata ambulan da ya fi kowane girma. Ya miƙo. Ta shimfiɗa a kan kanta, ta auna da hannunta.

“Taƙi ɗaya da yatsa uku,” in ji ta. “Shi ke nan, Malam, na gode. Sai na dawo.”

Ƙaramin faifai ya fi babba wuya, domin in za a fitar da zane a ɗan fili, dole kabar ta yi siriri kamar tsinken tsintsiya. Sati uku ta yi tana yi tana warwarewa. Da ta gama ta sake zuwa Gumel da kanta. Malam Zayyad ya ce, “Inna, a bar ni in gani kafin a liƙe.” Ya ɗaga shi wajen hasken taga ya daɗe yana kallo, sannan ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Tun daga ranar, har ya bar aiki, ba a liƙe ambulan ɗin Goggo sai ya gani.

Haka abin ya zauna, sau biyu a shekara, ɗaya bayan kaka, ɗaya kafin faɗuwar damina. Suna da waya, suna gaisawa, amma wannan hanya daban ce. Sista ta aiko da hular jariri lokacin da aka haifa wa Goggo jika, ta aiko da shimfiɗar tebur mai hoton masara. Goggo kuma ta fara sa labarin gari a cikin saƙarta. Shekarar da zoɓo ya yi kyau, faifan ja ne jawur da ɗigon fari a tsakiya. Shekarar da aka kawo musu famfon tuƙa-tuƙa, ta zagaya shi da shuɗi kamar ruwa na malala.

A shekara ta uku aka ɗan samu saɓani. Israel ya turo mini hoton falon mahaifiyarsa ta waya, na kai wa Goggo da murnata. Faya-fayanta shida ne jere a bango, tsakanin kalanda da hoton marigayi mijin Sista. Goggo ta kalla, ta miƙo mini wayar.

“Ba ta da ƙwarya ne a gidan?” ta tambaye ni. “Ko kuwa ba su yi mata ba, kunya ta hana ta faɗa?”

Na yi bayani har na gaji, ba ta gamsu ba. A ganinta, faifan da aka rataye faifai ne da aka ƙi. Ta ce in kira mata ita.

“Maman Isra'ila, in saƙar ta yi sako-sako ne ki gaya mini, ba zan ji haushi ba.”

“Wace saƙa, Yaya Murja?”

“Na gan su a bango kamar laya. Ko ɗaya ba ki taɓa ba.”

Sista ta yi dariya har muna jin tarinta. “Haba Yaya! Wannan aikin zan sa a kan miya? Duk baƙon da ya shigo gidan nan sai ya tsaya a gabansu. To ke ina ƙyallen duwatsuna?”

“Yana nan. Da shi nake rufe kwanon tuwon Malam. Har shuɗin ya fara koɗewa.”

“Wayyo ni! Wata biyu na yi ina saƙa shi!”

“To ai shi ya sa kullum yana hannuna,” in ji Goggo. “Da na adana shi a akwati, yaushe zan gan ki?”

Su duka biyun suka tuntsire da dariya. A nan suka yanke shawara: daga yau kowane ambulan biyu-biyu, ɗaya na kallo, ɗaya na aiki. Goggo ta sa kafinta ya buga mata ƙusa a ɗaki, ta rataya shimfiɗar masarar. Da farko in baƙi sun tambaya sai ta ce ai Maman Isra'ila ce ta matsa. Daga baya na sha shiga in tarar da ita tana nuna wa mata inda zaren ya juya.

Matan zumunta na cocin su Sista suka ga bangon, wata mai suna Lovelyn ta ce a tambayo ko za a sayar mata. Goggo ta ce in rubuta: “Na sayarwa suna Maigatari ranar Alhamis. Wannan hanya ba ta kasuwa ba ce. Wadda ke so ta aiko da abin da hannunta ya yi, ko ba kyau.” Lovelyn ta aiko da abin wuya na duwatsu da ta jera da kanta. Goggo ba ta sa irinsa, amma ta ba maƙwabciyarta Safiya, mai yi wa rigar matashi ado da zare, ta ce ita ta rama. Yanzu mata biyar ne a Gagarawa ke aikawa, a Pankshin kuma bakwai, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba.

Malam Barau ya rasu bara, bayan gajeriyar jinya. Sista ta kira ta yi ta'aziyya tun ranar. Goggo ba ta taɓa kaba ba har ta fita takaba. Faifan da ta fara yi bayan nan babu rini a jikinsa, farar kaba ce zalla, sai baƙin zobe guda a baki. Guda ɗaya ta aika, ba biyu ba, kuma ta ce kada in rubuta komai. Amsar ta zo bayan wata biyu: mayafin saƙa mai kauri, ruwan toka, da 'yar takarda. “Wannan na sanyin Pankshin ne, ba na zafin Gagarawa ba. Israel zai yi aure. Ki zo ki yafa shi a nan.”

Ban yi zaton za ta yarda ba, don ba ta taɓa wuce Kano ba. Amma ta ce in nemi hutu. Muka bi ta Kano, muka kwana a Jos wurin wata ƙawata, washegari muka kama hanyar Pankshin. Tun daga Mangu ta manna fuska a gilashin mota tana kallon duwatsu, tana ta salati.

Sista ta tsufa, tana dogara sanda. Suka rungume juna a ƙofar gida. Da muka shiga falo, Goggo ta tsaya cak. Bangon ya cika. Faya-fayai ashirin da 'yan kai, an jera su bi da bi yadda suka zo. A lokacin na tuna cewa ita ba ta taɓa ganin aikinta ido da ido a wuri guda ba, domin da ta gama yake barin hannunta.

Ta matsa kusa. Ta nuna na uku da yatsa.

“Nan na yi kuskure. Kin ga koren ya tsallake layi.”

“Shekara goma ina kallonsa ban gani ba,” in ji Sista.

Goggo ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta kai ga farin nan mai baƙin zobe. Ta shafa shi da bayan hannu. Sannan ta ja baya ta zauna a kujera, mayafin toka a kafaɗarta, ta yi ta kallo har aka kawo shayi ya huce.

“Muhsina,” ta ce a hankali, “ashe na iya.”

Kwana biyar muka yi. An yi biki lafiya, matan zumunta suka zo ɗaya-ɗaya suna gaishe ta, kowace na faɗin abin da ta taɓa aikawa, Goggo kuma tana gane su da aikinsu kafin sunansu. Ana gobe za mu taho, ta ga wata ciyawa a gefen dutse bayan gidan, siririya, mai ƙyalli kamar zinariya. Ta sa aka yanko mata dami guda, ta riƙe shi a cinya tun daga Pankshin har Gagarawa, ta hana a sa a but.

Ciyawar ta ba ta wuya. Da ta bushe, ana lanƙwasawa sai ta karye. Ta jiƙa a ruwan sanyi, bai yi ba. Ta gwada ruwan kanwa, ƙyallin ya dushe. Makon jiya da na je, na same ta a tsakar gida da tabarau a hanci, ta turara 'yan tsinke a kan tukunya, tana lanƙwasa ɗaya a yatsa a hankali. Bai karye ba.

“Kada ki gaya wa Maman Isra'ila tukuna,” ta ce. “Miƙo mini basillar can.”