Dattawan da Suka Shaidi Cinikin Gidana

Ni gida na saya, ba jingina na karɓa ba. Da wannan na fara, don ko hannuna ya gaji ban kai ƙarshe ba, an dai ji ta. Da tsufana na koyi boko a makarantar matan unguwa, saboda haka kada wanda ya tsaya duba mini kyan rubutu.

A Kademi aka haife ni, can aka yi mini aure, can mijina ya rasu. Gidansu gidan gandu ne, kowa yana da rabo a ciki amma ba mai nuna bango ya ce nasa ne. 'Ya ɗaya Allah ya bar mini, tana aure a Gaya. Da na fita takaba ta ce in dawo wurinta. Na ce Allah ya sawwaƙe in zauna a gidan suruki, in yi tari in ji kunya, in ci tuwo ina ɓoye baki. Sai na sayar da gonar da na gada wurin babana, na haɗa da awakina, na ce a nemo mini gida a Gaya, kusa da ita amma ba a jikinta ba.

Aka samo. Na wani tsohon maɗinki ne. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza sun watse neman abinci, wani Kano wani kudu, shi kuma zai koma Ajingi wurin ƙanensa. Gidan ƙasa ne, zaure da ɗaki biyu, da rijiya a tsakar gida, da lemon tsami a bakin rijiyar. Ina shiga na ji sanyi ya taso mini daga ƙasa. Na leƙa rijiyar na ga fuskata. Ban ko shiga ɗakunan ba na ce shi nake so.

Mu a wurinmu, in za a yi cinikin gida ko gona, ba kowa ake kira shaida ba. Dattijo ake nema, mai furfura, wanda in ya ce haka aka yi ba yaron da zai ɗaga kai ya musa masa. Gwargwadon tsufan shaidunka, gwargwadon ƙarfin cinikinka. Haka muka taso muka gani. Ni kuma da yake mace ce ni kaɗai, sai na ce nawa shaidun sai sun fi na kowa. Na samu limamin unguwa. Na samu wan mijina, wanda sai da aka riƙo shi ya sauko daga mota. Na aika har Balan aka ɗauko wani tsohon maƙeri, aminin babana, wanda ya san ni tun ina goye.

Ƙanin mijina shi ya yi ta ɗawainiyar ɗauko su. Abokin wasana ne, tun ina amarya muke faɗa da shi. Da aka shimfiɗa tabarma a zauren mai unguwa sai ya leƙo inda nake zaune a bayan ƙofa ya ce, "Matata, ni ba za a sa ni ba? Ni na sha rana fa."

Na ce, "Kai? Da wane gemun? Waɗannan 'yan tsirarun da ko akuya ta fi ka?"

Ya ce, "Jikoki gare ni fa."

Na ce, "Jikoki ko kaza tana da su. Tashi ka sayo goro, manya za su yi magana."

Ya tafi yana cewa zai sake ni. Kafin ya dawo daga kasuwa an gama. Maɗinki ya ce ya sayar, wan mijina ya ce ya saya mini, mai unguwa ya sa aka rubuta a takarda, kowa ya dangwala yatsa, liman ya shafa fatiha. Goro ya iso aka raba. Na tare da daminar nan.

Ban san yadda zan rubuta daɗin gidan nan ba. Ba wani abu ne a ciki ba. In na idar da sallar asuba sai in share tsakar gida, in yayyafa ruwa, in zauna a kan turmi in ji garin yana tashi. Ina soya gyaɗa, ina matsa mai, ina yin ƙuli, masu saye suna sallama a zaure. Maƙwabciyata takan miƙo mini kuka ta kan katanga, ni in miƙa mata lemo, mu tsaya nan mu ci naman duk wanda ya wuce. In na ga dama in yi girki, in ban ga dama ba in sha fura in kwanta. Tunda aka haife ni ban taɓa kwana a inda ba mai ce mini tashi ba sai a nan. 'Yata takan zo da yamma, ta zauna, ta tafi. Mijinta in ya zo gaishe ni a zaure yake tsayawa, ya durƙusa, mu gaisa ta bayan labule. Kowa da mutuncinsa.

Shi surukin nawa ne ya ce takardar mai unguwa ba ta isa ba yanzu, a nemi ta hukuma. Na ce to. Muka je ofishin masu takardun filaye, suka karɓi takardar cinikin suka sa a fayil, suka ce da ita za a yi aiki. Ban bar komai a hannuna ba, shi ma bai yi tunanin a ɗauki hotonta ba. Masu awo suka zo suka ja igiya daga bango zuwa bango, suka sha ruwan rijiyata suka yaba, suka tafi.

Daga nan sai jira. A dawo bayan sallah. Na dawo, mai sa hannu ya tafi kwas. Na dawo, an canza shi, sabon bai fara zama ba. Na dawo, an ce fayil ya wuce gaba. Wata rana wani mai kirki a cikinsu ya ce mini, "Hajiya, yanzu komai kwamfuta ake komawa, ki ƙara haƙuri." Na ce, "Ɗan nan, ni ban je Makka ba, kuma haƙurin nan da kake gani a kansa na tsufa." Ya yi dariya, ni ma na yi. Ban damu sosai ba, gaskiya. Ina cikin gidana, ina da shaiduna. Takarda ai ado ce a wurina.

Wan mijina ne ya fara rasuwa. Na yi kuka don shi ne babban da ya rage mini a gidansu, ban kawo maganar gida a raina ba. Aka yi shekara biyu ko uku sai liman. Shi ma na je gaisuwa na dawo na ci gaba da suyar gyaɗata. Mai unguwa ya kwanta jinya ya daɗe, ya cika, aka naɗa ɗan ɗan'uwansa wanda lokacin cinikin yana can wani gari. Duk wannan takarda ba ta fito ba. Sai da labari ya zo daga Ajingi cewa maɗinki ya rasu, ranar ne maganar gida ta faɗo mini a rai, ina tsaye da ludayi a hannu.

Bayan sadakar arba'in 'ya'yansa suka zo. Babban ne ya yi magana, da ladabinsa, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce, "Baba, mun zo ne a kan gidan mahaifinmu. Mu abin da muka sani jingina ya ba ki, ya karɓi kuɗi ya yi magani. Yanzu mun haɗa za mu fanshi abinmu."

Na ce, "Jinginar uwar wa? Uban naku a gaban mutane ya ce ya sayar."

Ya ce, "Su wa ke nan?"

Na buɗe baki zan lissafa, sai na ji ina kiran sunayen mutanen da ke maƙabarta.

Abin da na gane daga baya, tsohon kunya ya ji ya gaya wa 'ya'yansa ya sayar da gidan da aka haife su, sai ya ce musu jingina ce. Allah ya jiƙansa, ni dai ya bar ni da aiki.

Magana ta je gaban alƙali. Ya tambayi takarda, muka koma ofis, aka ce fayil yana nan ana nema. Alƙali ya ɗaga mana, ya sake ɗagawa, ya ma rubuta musu da kansa. Ba ta fito ba. Ya ce to in kawo shaidu masu rai. Ƙanin mijina ya miƙe ya ce shi yana nan ranar. Aka tambaye shi, ka ji da kunnenka lokacin da aka ce an sayar? Ya ce goro ya je saye. Da muka fito bai tsokane ni ba, ni ma ban tsokane shi ba. Muka tsaya a bakin titi kamar baƙin juna.

Saura maƙeri. Shi ne ya fi su duka tsufa, shi ne kuma Allah ya bari. Ni da ƙanin mijina muka hau mota zuwa Balan. Muka same shi a kan buzu a ƙofar ɗaki, idon ya tafi, an lulluɓe shi da bargo da tsakar rana. Na durƙusa na gaishe shi. Da ya ji muryata sai ya kira ni da sunan mahaifiyata, ya ce ina maigidan, in gaya masa garmarsa ta daɗe da gyaruwa ya zo ya ɗauka.

Na ce, "Baba, 'yarsu ce. Ka tuna ranar da aka ɗauko ka zuwa Gaya, zauren mai unguwa?"

Ya ce, "Gaya. Na je. An ba mu goro fari, manya-manya. Yanzu ba a samun irinsa."

Na ce, "To Baba, me aka yi a wurin? Sayarwa aka yi ko jingina?"

Ya daɗe yana motsa baki. Ya ce, "An dai shafa fatiha."

Na sake tambaya. Ya ce in gaishe da babana. Na riƙe hannunsa, hannun da duk ƙuna ce da kanta, na zauna har la'asar. Ban ƙara ce masa komai a kan gida ba. Hirar mutanen dauri muka yi, yana ba ni labarin iyayena kamar da safe suka rabu, ni kuma ina amsa masa kamar haka ne.

Tunda ban da shaida, aka juya rantsuwa kan magada. Babban ya yi alwala ya ɗora hannu ya rantse bai san mahaifinsa ya sayar da gida ba. Ina kallonsa. Bai yi ƙarya ba, bai sani ɗin ba. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai, ban samu ko wanda zan tsine wa ba. Suka mayar mini da abin da na biya shekarun baya, wanda a yau ko zaure ba zai gina ba. Aka ba ni lokaci in kwashe kayana.

Mutane suna ta ce mini da ma kin sa yara, da ma kin sa matasa. Su da suke faɗa, gobe in za su sayi gona liman za su kira. Wa zai je ya ɗauko ɗan shekara talatin ya zaunar da shi a gaban mai unguwa ya ce ga shaidana? Dariya za a yi masa. Mu mun zaɓi shaidu don maganar da za ta taso gobe ko jibi. Ba mu san akwai jiran da zai cinye mutum uku da mai unguwa ba.

Yanzu ina gidan surukina. Yaron kirki ne, ban da abin faɗa a kansa. Da ya ga ba na fitowa tsakar gida in yana nan, ba na cin abinci sai ya fita, sai ya kira magina suka ja katanga a bayan gidan, suka fasa mini ƙofa ta kaina zuwa lungu. Ya aiko 'yata ta gaya mini nan nawa ne har iyakar raina. Na gode masa, na sa masa albarka, kuma da zuciya ɗaya na yi.

Amma asuba in ta yi, can nake farkawa. Sai na miƙa ƙafa in sauka ta inda gadona yake a wancan ɗakin, in ci karo da bango. Da rana ina jin muryar mata ta kan katanga in ɗaga kai, ba tawa maƙwabciyar ba ce. Unguwar ba nisa, mai ƙafa zai je ya dawo kafin tuwo ya nuna. Ban taɓa komawa ba. An ce mini sun rushe zauren sun yi shaguna, na ce kada a ƙara gaya mini komai, ni a yadda na bar shi nake son sa.

Kwanukana da tasoshina suna nan a buhu a bayan ƙofa, yadda aka sauke su daga kura. Jiya ma 'yata ta shigo ta tsaya a kansu ta ce, "Inna, don Allah ki bari in jera miki kayan nan, ɗaki kamar na matafiyi."

Na ce ta bar su tukuna.