Zuwa Damagaram Neman Linzamin Abba

Da sunan Allah mai rahama nake ɗaukar alƙalami, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

A shekarar da ruwan damina ya kayar da tsohon masallacin Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, bayan an gama yankan hatsi, na yi tafiyar kwana biyu daga ƙauyenmu na ƙasar Dogo zuwa Damagaram. Da yawa daga cikin waɗanda suka zo mini gaisuwar rasuwar ɗana Abba, Allah ya jiƙansa, sun tambaye ni ko gaskiya ne an gan ni a Kasuwar Dole, da rawanina da carbina, ina cinikin kayan wasan ordinater, wato kwamfuta. Gaskiya ne. Ga yadda abin ya kasance.

Abba shi ne ɗana na fari, kuma kun san kunyar ɗan fari a wurinmu. Ban taɓa ɗaukarsa ba, ban taɓa kama hannunsa ba. In ina da magana da shi, uwarsa Hajara nake gaya wa. Shekara shida kafin wannan tafiya ya yi ƙwadago a garakan rake, ya sayi tsohuwar ordinater, samari suka riƙa taruwa a zaure suna wasa. Wata rana na idar da sallar la'asar, na waiwaya, ban gan shi a sahu ba. Na ɗauki gatari na shiga zauren, na farfasa ta a gaban abokansa. Washegari ya tafi Damagaram ya kama kabu-kabu da babur, daga nan babu abin da ke haɗa mu sai gaisuwar salla.

Da rani mota ta buge shi. Aka dawo mana da shi kwance, ƙafafu ba sa motsi, hannun hagu ma haka, sai na dama kaɗan. Abokansa suka kawo kayan ɗakinsa, har da wata ordinater da ya sake saya, irin wadda ake naɗewa. Ya gwada taɓa ta, hannun ya kasa. Bayan damina sai ya juya fuska ga bango ya daina cin abinci. Majo, babban ma'aikacin likitar Dogo, wato asibitinmu, ya ce mini: "Malam, magani na yi iyakarsa. In bai ci ba, ba zai kai ƙarshen wata ba." Hajara ce ta zo ta ce mini abu ɗaya kaɗai ya ambata: da yana da linzami na hannu, wanda ake ja a kan tebur a sarrafa ordinater da shi, da abin sawa a kunne, da ya gwada wasansa ko sau ɗaya. Na rubuta sunayen da ajami kamar yadda ta faɗa. Na sayar da buhun wake biyu.

Litinin: daga gida zuwa Dogo

Na fita ƙarfe biyar da rabi, ina idar da sallar asuba. Na tsaya a ƙofar ɗakinsa, ban shiga ba, na ce wa Hajara ta gaya masa na je unguwa. Maƙwabcina ya ɗauke ni a amalankensa, yana kai rake bakin hanya. Kilomita shida ne, amma ruwa ya cinye hanyar wajen korama, sai da muka sauka muka tura. Mun isa Dogo ƙarfe bakwai da kwata. Na sha kunu da ƙosai na dala talatin, wato sefa ɗari da hamsin, a bakin tasha.

Dogo zuwa Damagaram

Motar da ta fito daga Magarya ta tsaya ƙarfe takwas saura minti goma. Jika ɗaya da rabi, wato sefa dubu ɗaya da ɗari biyar, direba ya ce. Na ce bara jika ɗaya ne.

"Malam, bara akwai hanya. Bana ramuka muke bi, hanyar ce ke ɓuya a tsakaninsu. Shigo gaba, kada awakin baya su cinye maka rawani."

Tafiyar ba ta kai kilomita arba'in ba, amma mun yi awa ɗaya da minti arba'in. Dama da hagu gidajen ƙasa sun zube, mutane suna zaune a bukkokin kara kusa da kangayensu. A shingen jandarma na shiga gari aka karɓi katin kowa. Da na zaro nawa, takardar ajamin ta faɗi. Jandarman ya ɗauka ya miƙo mini da hannu biyu, a zatonsa addu'a ce. Ya ce in sa shi a ciki. Na ce Allah ya tsare shi.

Birni

Daga tasha kabu-kabu ya kai ni Birni a kan dala hamsin. Duk tafiyar idona na kan ƙeyar mai babur ɗin, ina tuna Abba. Na sauka gidan Malam Kyari, baduku, wanda muka yi karatun allo tare. Kafin azahar ya kai ni na ga masallacin. Tulin ƙasa ne da itatuwan azara a warwatse. Muka yi salla a wata rumfa da aka kafa a gefe.

Da muka ci shinkafa da wake, na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ajiye cokali ya dube ni.

"Kai, Habu? Kai mai gatari?"

"Ni ɗin."

"To, Allah mai iko. Kwanta ka huta, gobe ni zan kai ka. In na bar ka kai kaɗai, tukunya za su sayar maka su ce ordinater ce."

Talata: Kasuwar Dole

Ƙarfe tara muka shiga layin masu waya da kayan lantarki. Shago biyu muka wuce, a na uku muka tarar da wani mutum mai suna Lawali, mai kimanin shekara arba'in. Na karanta masa takardata. Ya zube mini linzami iri shida a kan tebur, wasu na haska ja da kore, ya ajiye kaske uku, wato abin sawa a kunnen, ya kuma jawo wani faffaɗan allon dannawa mai fitilu.

Ni abin da na sani shi ne, in za ka sayi hauya ko kwado, sai ka ɗaga ka ji nauyi. Mai nauyi shi ne mai ƙarko. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina aunawa a tafin hannu, na ware mafi nauyi, baƙi, mai kamar ƙaramin kunkuru. Na ce a haɗa mini da allon mai fitilu, mafi tsada nake so. So nake in kai masa abin da ya fi wanda na fasa.

Lawali ya fara sawa a leda, sai ya ce: "Baba, na jikanka ne? Wane irin wasa yake yi?"

Malam Kyari ya ce: "Ɗansa ne. Kwance yake, hannu ɗaya gare shi."

Lawali ya fito da kayan daga ledar ya mayar kan tebur.

"To, Baba, wannan ba nasa ba ne. Wannan har ƙarfe aka sa masa a ciki don ya yi nauyi. Allon nan kuma na mai hannu biyu ne, asarar kuɗinka za ka yi. Gaya mini, hannun nasa babba ne ko ƙarami? Ya kai naka?"

Na dubi tafin hannuna. Ya ƙara tambaya:

"Wane yatsa ne ke motsi? Babban yatsa yana lanƙwasa?"

Wata bakwai yaron nan yana kwance a gidana, bango ɗaya ne tsakanina da shi. Ina yi masa addu'a, ina rubuta masa rubutun sha ina ba uwarsa. Amma ban san wane yatsansa ke motsi ba. Na dubi Malam Kyari, ya kawar da kai yana gyara hularsa.

Na ce: "Ban sani ba."

Lawali bai yi dariya ba. Ya jawo mini kujera, ya ce ko akwai waya a gidan. Na ba shi lambar Hajara, ya buga, ya miƙo mini. Na ce mata ta tambaye shi yatsun da ke motsi. Na ji tafiyarta, na ji ƙarar labule. Sai ta ce: "Malam, ni ban gane abin da yake faɗi ba, ga shi nan." Kafin in hana ta, ta kara masa wayar a kunne.

"Baba?"

Muryar ta shige ciki, kamar ta tsoho.

Na ce: "Na'am. Ina kasuwa ne. Mai kayan yana tambaya, wane yatsa ne ke motsi."

Sai ya tambaye ni:

"Wace kasuwa, Baba?"

"Dole."

Na ji numfashinsa. Sannan ya ce: "Babba da manuni. Na tsakiya kaɗan-kaɗan."

Lawali ya karɓi wayar, suka yi magana rabi Hausa rabi Faransanci, har na ji Lawali yana dariya yana cewa: "A'a, ɗan gari, ashe kai tsohon hannu ne." Da ya ajiye, ya hau kujera ya sauko da wani kwali daga sama. Linzami ne mara nauyi, kamar ɓawon ƙwai, a gefensa akwai ƙananan madannai goma sha biyu a jere, daidai inda babban yatsa ke kwanciya. Ya ce da su yatsa ɗaya zai yi aikin da hannun hagu ke yi. Ya ce in ɗauki mai igiya, domin mara igiya sai da batir, kuma in ya ƙare sai an zo Dogo. Ya zaɓi kaske mafi laushi mai lafaffen baya, saboda mai kwanciya a matashi. Ya ƙara da wani faranti mai fanka a ciki da ake ɗora ordinater a kai don kada zafi ya kashe ta, ya tambaye ni ko allon hasken ranar da muke cajin waya da shi yana da batir babba. Na ce yana kai mu har isha'i. Ya ce ya isa.

Linzami jika goma sha uku, kaske jika bakwai, faranti jika biyar. Na taya, ya rage jika biyu. Ya ce saura shimfiɗar da linzamin ke tafiya a kai. Malam Kyari ya karɓa ya murza ta da yatsu.

"Wannan robar? A garin dukawa? Mayar da abinka."

Muka koma Birni. Ya zaɓi jar fatar akuya, ya yanka ta murabba'i, ya goge ta da dutse har ta yi santsi, ya liƙa ta a kan wani katako mai ƙafa biyu da za a iya gicciya shi a kan gado. Bai karɓi ko dala ba. Da zan tafi ya sa mini alkaki a jaka.

"In ka isa, kai za ka shiga da su. Kada ka ba Hajara."

Na ce na ji.

"Ba ji na ce ka yi ba, Habu. Shiga na ce."

Komawa

Motar Magarya ta tashi ƙarfe biyu da rabi. Na rungume kwalayen a cinya, yaron mota ya ce a ɗora sama, na ƙi. A shinge ba a tsayar da mu ba. Mun sauka Dogo huɗu da minti goma, na yi la'asar a masallacin tasha. Ban sami amalanke ba, na ɗora katakon a ka, na taka. Na isa gida rana ta yi ja, shida saura kwata.

Hajara ta taryo ni ta miƙo hannu za ta karɓi kayan. Na ce ta bari. Na yi sallama a ƙofar ɗakin, na ɗaga labule na shiga.

Ban san ya rame haka ba. Ya juyo da kansa daga bango, yana kallon kwalayen, yana kallona. Na durƙusa a gaban gadon na buɗe su. Shi ya riƙa gaya mini: "Ramin gefen dama, Baba. A'a, juya shi. Yauwa." Na gicciya katakon, na ɗora ordinater, na sa masa kasken a kunne, ya karkace, na gyara. Ya yi ƙoƙarin ɗaga hannunsa zuwa kan fatar, ya kasa. Hajara ta matso. Na riga ta.

Na ɗauki hannun. Ya fi nawa tsawo. Akwai wani tsohon tabo a bayansa da ban san ranar da ya same shi ba. Na ɗora shi a kan linzamin, na jera yatsun ɗaya bayan ɗaya, na kwantar da babban a kan madannan. Wata 'yar kibiya ta motsa a jikin gilashin.

Wasan tuƙin babbar mota ne. Hanya doguwa, da duwatsu da itatuwa a gefe. Sau biyu ya faɗa rami, a na uku motar ta miƙe. Na ga bakinsa yana motsi kamar yana magana da ita. Na zauna a ƙasa ina kallo har aka kusa kiran magariba, sannan na ce:

"Abba, abin da na yi maka a zaure, a gaban mutane, zalunci ne. Guminka ne na fasa. Ka yafe mini."

Bai dube ni ba. Ya rage gudu, ya gangara da motar gefen hanya ya tsayar da ita sosai, kamar yadda direban kirki ke yi. Sannan ya ce in cire masa kasken.

"Baba, na yafe. Tun ina likita na yafe, ban san yadda zan gaya maka ba ne. Kullum a ƙofa kake tsayawa."

Hajara ta fita da sauri tana share ido. Da ta dawo da ƙwaryar fura a hannunta, bai juya ga bango ba. Ni na tallafi kansa. Ya sha ludayi huɗu, ya ce a gutsuro masa alkakin.

Ya yi wata huɗu bayan wannan. Kullum da hantsi ni nake ɗora masa hannu, da la'asar in sauke, mu yi salla tare, ni a tsaye, shi da ido. Allah ya karɓi abinsa saura kwana tara azumi.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma ba ni waɗannan watanni. Na gode wa maƙwabcina mai amalanke, da Malam Kyari, da Lawali wanda ya ƙi sayar mini da mai tsada. Wanda wannan takarda ta isa gare shi, ina roƙonsa ya karanta wa Abba Ƙulhuwallahu ƙafa uku.